Kafin ka bar wani ya taɓa wayar wutar gidanka a Legas

Jama'a assalamu alaikum. Kusan duk sati sai wani ya tare ni ko a masallaci bayan Magariba ko a bakin shago a Agege yace Malam dan Allah kana da lambar mai gyaran wuta, kuma yawanci lokacin da mutum zai yi wannan tambayar wutar ta riga ta lalace, iyali na cikin duhu, nama na narkewa a firiza, duk wanda aka nuna masa ɗauka zai yi. To wlh nan ne ake yin kuskuren farko. Mai gyaran wuta ana nemansa ne tun lafiya lau, lokacin da kake da sararin da zaka ce a'a.

Ni abin ya taɓa cina shi yasa nake ɗaukar maganar da zafi. Lokacin da muka kama wani gida ɗaki biyu da falo na kira wani yaro da ake ce masa injiniya a layinmu ya ƙara min soket biyu a kicin, ya yi aikin cikin awa ɗaya, ya kunna wuta ta kawo, na biya shi har da na mota ina ta godiya. Bayan kamar wata uku cikin dare uwargida ta tashe ni tace tana jin ƙaurin roba, muka bi ƙaurin har kicin, na ɗora hannu a bango kusa da soket na ji zafi kamar gefen tukunya. Da gari ya waye wani dattijo mai aikin ya zo ya buɗe, ashe siririyar wayar ƙwan fitila yaron ya ja ya haɗa mana firiza da hita da ketil a kai, robar wayar duk ta narke ta manne, ga shi ba wayar ƙasa kwata-kwata, wato wadda ke sauke wutar da ta zubo zuwa ƙasa. Yarana uku suna kwance a ɗakin da ke jikin wannan bangon. Tun daga ranar na daina auna mai gyara da cewa wuta ta kawo, don wuta kam ko da mugun haɗi zata kawo, ainihin aikin yana cikin bango inda idonka bai kai.

Abu na farko, daga ina zaka samo shi. Lambobin da ake rubutawa da fenti a jikin katanga da falwaya da ƙarƙashin gada ban ce duk na banza bane amma ba wanda ya tsaya musu, in ya ɓata maka aiki ya kashe waya shikenan, Legas ce, ina zaka ganshi. Ka tambayi mutumin da aka yi wa aiki aƙalla shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ba wanda aka yi wa satin jiya ba, don mugun wayarin baya nuna kansa da wuri, sai ya sha damina ya sha zafi ya sha kai da kawowar NEPA tukuna. Masu shagon sanyi da masu injin niƙa da masu walda da teloli masu keke mai wuta, waɗannan sun fi kowa sanin mai aikin kirki saboda abincinsu a kan wuta yake, haka kwamitin masallaci in an taɓa yi musu wayarin. In mutum biyu uku da basu haɗa hanya ba suka ambaci suna ɗaya to ka riƙe sunan.

Sai wata magana da nasan wasu ba zasu so ta ba. Mu 'yan arewa a nan ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende muna da son ba namu aiki, kuma abu ne mai kyau, nima in na samu ɗan uwa da ya iya shi nake fara kira. Amma kasancewar mutum ɗan garinku ne ko kuna sahu ɗaya a masallaci bai zama shaidar ya iya aikin wuta ba, kuma abin da ya fi damuna shine kunya, in ɗan uwa ne sai ka kasa tambayarsa takarda, ka kasa cewa wannan bai yi ba sake shi, ka kasa riƙe masa ciko. Dattijon da ya gyara min ɓarnar nan Bayarabe ne, wanda nake kira yanzu kuma Bazazzage ne, duka biyun tambayoyi iri ɗaya na yi musu. In kasan ba zaka iya kallon idon mutum kace masa aikinsa bai yi ba to kar ka bashi aikin tun farko, zumuncin ma sai ya fi daɗewa.

Maganar takarda. A nan kowa injiniya ne, wanda ke riƙe da tasta da filaya ma injiniya ake ce masa, to ka sani akwai hukumar gwamnatin tarayya da ake kira NEMSA wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke gwada masu aikin haɗa wutar lantarki ta basu takardar shaidar ƙwarewa, akwai kuma ƙungiyar 'yan kwangilar wuta masu lasisi wato LECAN. Wasu suna da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku, wasu sun fito daga kwalejojin fasaha na jihar Legas irin na Agidingbi da Ikotun da Ikorodu, wasu daga Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba. In aikin babba ne, kamar wayarin ɗin gida gaba ɗaya ko sabon gini ko haɗa sola da inbata, gaskiya kar ka yi sassauci, kace Oga ina son ganin takardarka, ka ɗauki hotonta a waya, ka duba sunan da ke kai ya yi daidai da na katin shaidarsa da na asusun bankin da zaka tura kuɗi. In ƙaramin aiki ne kamar canza makunni ko ɗaura fanka to akwai da yawa da suka koya a hannun oga shekara da shekaru basu da takarda amma hannunsu na da kyau, irin waɗannan ka tambaye shi wa ya koya maka, ina shagon ogan naka, wanda ya koya da gaske da alfahari zai faɗa maka, har ya ce muje ka ganshi.

Amma ni abin da na fi dogara da shi shine hira. Ba sai ka iya aikin wuta ba, tambaya huɗu biyar sun isa ka gane da wa kake magana, ka kawo masa ruwa ku zauna ka fara kamar kana neman ilimi.

Tambaye shi wace waya zai sa ma wane abu. A aikin gida da aka saba a ƙasar nan waya mai kauri 1.5 ta fitilu ce da fanka, 2.5 ta soket, AC da hitar banɗaki yawanci 4 ake ja musu kuma kowanne da layinsa daga akwatin bireka (makunnan da ke yanke wuta da kansu in nauyi ya yi yawa) da makunninsa na daban, kukar girki ta lantarki 6, babbar wayar da ke shigowa daga mita 10 ko 16 gwargwadon nauyin gidan. Wanda ya sani kafin ma ya amsa zai fara tambayarka me da me kake kunnawa, firiza nawa, AC mai doki nawa, akwai injin jan ruwa, ana guga da wuta, in kaga mutum ya faɗi kuɗin aiki bai tambayi kayan da ke gidan ba bai ma leƙa akwatin bireka ba to lissafin kuɗi kawai yake ba lissafin wuta ba.

Tambaya ta biyu ita ce wadda nake kama su da ita, kace masa Injiniya birekan nan kullum sai ya faɗi, ya za a yi. In yace ai ƙarami ne bari in sa maka babba, ka sallame shi da mutunci ka bashi kuɗin mota. Bireka an sa shi ne don ya kare wayar da ke cikin bango, in nauyi ya fi ƙarfin wayar sai ya faɗi kafin ta yi zafi ta kama, to in ka ɗora bireka mai lamba 32 a kan siririyar wayar fitila wayar ce zata ƙone shi yana tsaye bai motsa ba. Haka masu cire fis da ya ƙone su naɗa guntun waya mai kauri a madadinsa, wannan abin ya zama ruwan dare a gidajen haya kuma gobara ce ake ajiyewa. Amsar kirki ita ce bari in gano me ke faɗar da shi, ko nauyi ne ya yi yawa a layi ɗaya a raba, ko waya ce ta goge tana taɓa wata, ko ruwa ne ya shiga wani soket.

Na uku wayar ƙasa, wadda suke ce ma at. Soket ɗinmu mai ido uku ne irin na Ingila, idon sama shine na wayar ƙasa, kuma gidaje da yawa in ka buɗe zaka tarar ba komai a wurin, waya biyu kawai aka ja don a rage kuɗi. Aikinta shine in wuta ta zubo jikin firiji ko injin wanki ko hita ta bi ta nan ta sauka ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. In firijinku na ɗan jan hannu in an taɓa shi ba takalmi, ko famfon banɗaki na tsikarin mutum in hita na kunne, wannan ba ƙaramin abu bane kar a saba da shi, a kashe a kira mai gyara ranar. Ka tambaye shi ina sandar da aka kafa a ƙasa take a gidan nan, zai iya auna ta, kuma zai sa maka bireka mai gane zubar wuta irin mai lamba 30mA wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta inda bai dace ba, yana da ɗan maɓalli a jiki na gwaji. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko hita a banɗaki ni a ganina wannan ba abin ciniki bane. Ga kuma yanayin garin nan, danshi da ambaliyar damina, waɗanda ke wajen Lekki da Ajah da Apapa kuma iskar gishiri na cin ƙarfe, haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef kawai baya daɗewa yake tsatsa ya fara zafi.

Na huɗu janareta, don ba gidan da zaka yi maganar wuta a Legas ba jen ko inbata. Dole a sa canjoba na gaske wanda in ya haɗa jen ya raba gidan da layin NEPA gaba ɗaya. Masu haɗa waya mai kai biyu su cusa a soket suna jefa rayuka cikin haɗari, in an manta ba a cire fis ba wutar jen ɗinka zata koma kan layi, ta bi ta taransifoma ta ƙaru, ma'aikacin da ke kan falwaya yana ganin an ɗauke wuta ya kama waya, ko kuma a kawo wuta ta haɗu da ta jen komai ya tashi. Duk mai gyaran da yace ba sai an sa canjoba ba ai zaka riƙa tunawa, bai damu da kai ba bai damu da wanda ke kan falwaya ba.

Ka kuma kalli jakarsa. Mai aiki na gaske yana da mitar awo ba tasta mai ƙwai kaɗai ba, sukudirebobinsa da filayarsa masu roba a hannu ne, kuma kafin ya taɓa waya zai kashe babban makunni ya sake aunawa ya tabbatar ba wuta. Wanda ke taɓa waya da bayan yatsa yana cewa mun saba, ranar da abin ya faru a gidanka zai faru, kai za a tambaya.

To sai mita, a nan ne shaiɗan ke shigowa. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ma 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi samun wuta, a watan Afrilun 2024 kati ya zama abin da ya zama, kowa na kuka, sai mai gyara ya matso ya rage murya yace Alhaji in kana so zan zagaye maka mita AC da hita su daina cin kati. Kar ka yarda. Na farko satar wuta ce, laifi ne a doka kuma haƙƙi ne a kanka ko ba wanda ya gani, na biyu ranar da ma'aikatan Ikeja Electric ko Eko suka zo suka gano shi yana can wani gari, kai za a yanke ma wuta a ci tara a lissafa maka bashin baya, na uku irin wannan haɗin a ɓoye ake yinsa cikin gaggawa ba bireka a kansa, shi yafi saurin kamawa. Kuma ka yi tunani, mutumin da ya nuna maka ya iya cutar kamfani ba tare da an gane ba, kai da baka san 1.5 da 2.5 ba me zai hana shi. Mita da duk abin da ke daga mita zuwa falwaya hurumin kamfani ne, in matsalar daga can take ofishinsu zaka je ka kai ƙorafi, mai gyaran kirki da kansa zai ce maka wannan ba nawa bane.

Sayen kaya kuma shine inda kuɗi ke zurarewa. Kace ya rubuta maka komai a takarda, waya kaza nadi kaza kamfani kaza, soket nawa, bireka nawa mai lamba nawa, bututu nawa, sannan kuɗin hannunsa daban a ƙasa, kar ka yarda da jimla ɗaya dunƙule. Ka nemi mutum biyu ko uku su rubuta maka ka gwada, kuma ba mafi araha zaka bi ba, in ɗaya ya faɗo ƙasa sosai to akwai abin da ya cire, ko wayar ƙasa ko kaurin waya, araha bata ado. In da hali ku tafi kasuwar tare, Alaba International da ke Ojo tana da sashe guda na kayan wuta, in tayi maka nisa kowace unguwa akwai dila, ka biya da hannunka ka karɓi rasit mai sunan shago. Wayoyin da ake yi a ƙasar nan irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Kabelmetal suna da suna mai kyau wajen masu aiki, saboda sunan ne ma ake buga na jabu, don haka ka duba rubutun da ke jikin robar wayar kanta da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, ba kwalin waje kawai ba. Ka sa a fere bakin wayar ka kankare ta da wuƙa, jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, in ka ga fari ya fito to alminiyam ne aka shafa masa ja, in ka kara mata ashana ma zaka ga ta lanƙwashe ta yi laushi. Nadi ɗaya mita 100 ya kamata ya zama, na jabu sau da yawa baya cika kuma ya fi sauƙi a hannu. In kayan sun iso gida a ajiye su a wurinka ba wurinsa ba, ragowar waya kuma taka ce.

Biyan kuɗi kashi-kashi. Kafin alƙalami kaɗan, wani kaso in an kai rabi, ciko sai an gama an gwada. Ka tura ta banki ko ka sa shaida, ku yi maganar garanti tun farko, in abu ya lalace cikin wata kaza zai dawo ya gyara ba sabon kuɗi, a rubuta ko a saƙon WhatsApp ne. In ɗan haya ne kai to kafin a fasa bango ko a taɓa akwatin da kuke tarayya da maƙwabta ka sanar da mai gida ko kiyateka, a gidajen da ɗakuna ke fuskantar juna waya ɗaya ce ke ɗauke da kowa, AC ɗinka ɗaya na iya narka wayar gidan duka kuma rigimar da zata biyo baya ba kaɗan bace. Kuma dan Allah in za a yi aiki cikin gida kana kasuwa kar ka bar iyali su kaɗai da baƙo, ka tsaya ko ka sa ƙaninka ya tsaya, mai aikin kirki baya jin haushin a tsaya a kansa, wanda nake kira yanzu shi da kansa yake cewa Maigida zo ka gani kafin in rufe.

Wannan kafin in rufe ɗin shine lokacinka. Kafin a yi filasta ko a mayar da silin ka ɗauki hoton duk inda waya ta bi, ka tabbatar cikin bututu take ba tsirara a cikin siminti ba, haɗe-haɗe suna cikin akwati mai murfi ba a rataye cikin silin ba inda ɓera zai ci. Launin waya ya zama iri ɗaya ko'ina, in tsohon tsari ne ja mai wuta, baƙa ta dawowa, kore ta ƙasa, in sabo ne ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin ɗorawa, don wanda zai zo gyara bayan shekara biyar kar ya kama mai wuta yana zaton ba ita bace.

Ranar gamawa kar ka biya ciko da rana tsaka ana sauri. Ku jira a kawo wuta, ku kunna duk abin da kuka saba kunnawa lokaci ɗaya, firiza da AC da hita da dutsen guga, a barsu kamar rabin awa, sannan ka zaga kana ɗora bayan hannu a murfin soket da makunni da murfin akwatin bireka, kada ka ji zafi, kada ka ji ƙauri ko ƙarar tsss, fitilu kada su riƙa lumshewa sosai in firiza ta tashi. Ya danna maɓallin gwajin nan a gabanka ka ga wuta ta yanke, ya juya canjoba zuwa jen ya dawo da shi, ya rubuta a jikin kowane bireka wannan na kicin wannan na falo wannan na hita. Sai ka kira uwargida da babban yaronka ya nuna musu babban makunnin da ke kashe gidan gaba ɗaya, don ranar da wani abu zai faru wataƙila kana Mile 12 ko kan gadar Third Mainland cikin gosulo. Su sani in waya ta kama ba a watsa mata ruwa, a kashe babban makunni in ana iya kaiwa gare shi, a fitar da yara, a kira 767 ko 112, in kuma wuta ta riƙe mutum ba a kama shi da hannu, a kashe wutar ko a ture shi da busasshen katako. Ni na rubuta lambobin nan biyu da lambar mai gyaran namu da maka a jikin bango daidai gefen akwatin bireka, ƙasa kaɗan inda yaran ma zasu iya karantawa.